Tela Ya Farke Inji

A duk layin nan babu mai kiran telan da sunansa na gaskiya. Gobe-da-Safe ake ce masa, domin ko riga ka kai masa ɗinki, ko maɓalli ɗaya ne ya ɓalle maka, amsar da za ka samu ke nan. Hannunsa kam yana da kyau, in ya ga dama ya zauna a kan keke. Matsalar tana bakinsa. A bakin Gobe-da-Safe babu abin da bai iya ba a duniya. Ya iya gyaran rediyo, ya iya haɗa wutar gida, kuma ya sha faɗa cewa da karatun likita ya yi, da tuni an rufe rabin asibitocin garin saboda rashin marasa lafiya.

Yana da wata mota da ya shekara ashirin da takwas yana ja. Ya ce asalinta shuɗiya ce, amma duk waɗanda za su ba da shaida sun tsufa ko sun tashi daga layin. Ƙofar direba daga waje kawai take buɗuwa, sai ya zura hannu ta taga kafin ya fito. Abu ɗaya ne a jikinta ba ya tsufa, kujerun, saboda duk shekara sai ya ɗinka musu sabuwar riga da hannunsa. Shi Giwa yake ce mata. Mutanen layi kuwa Mai Tari suka sa mata, don kafin ta tashi da safe sai ta tashi kowa.

Wata Talata da hantsi yana dawowa daga sayen zare, daidai ƙofar mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa, Giwa ta yi tari uku, ta yi wata ƙara kamar an zuba cokula a tukunya, ta tsaya cak. Farin hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin bonet. Mai aski ya leƙo da reza a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai a aske.

"Lafiya, Gobe-da-Safe?" in ji mai aski.

"Hutawa take yi," in ji Tela. "Mota mai hankali ta san lokacin hutu."

Ta huta har la'asar. Da hutun ya ƙi ƙarewa aka kira bakaniken da ke ƙarshen layi, wani dattijo marar yawan magana wanda ya fi shekara ashirin yana lallaɓa motar nan. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai, ya duba, ya shinshina, ya mayar.

"Malam Tela, injin ya buga. Gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, ƙarfe ya ci ƙarfe."

"To, a gyara mana."

"A gyara me? Ko sabon inji ka sa mata, ƙasanta ya ruɓe. Daga kujerar direba ina hango kwalta. Abin da za ta ci ya fi ƙarfinta. Ka ba masu sayen ƙarafa, ka cika, na nemo maka wata ƙarama mai lafiya."

Tela ya dubi jama'ar da ta taru. Da su biyu ne kawai a wurin, ƙila da ya ce zai yi shawara. Amma ga mai aski, ga mai rabin kai, ga masu wucewa sun tsaya, kuma Gobe-da-Safe bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi a banza ba.

"Ku kanikawa haka kuke," ya ce. "Abu ya fi ƙarfinku sai ku ce ya mutu. Inji ai inji ne. Na keke yana hawa yana sauka, na mota yana hawa yana sauka. Bambancin kawai, ɗaya zare yake ci, ɗaya fetur. Shekara talatin da biyar ina kwance kan keke ina mayarwa, ko allura ba ta taɓa ɓace min ba. Ku shaida, kwana bakwai. Da hannuna zan tada ta."

"Kwana bakwai na mutane, ko na teloli?" in ji mai aski.

Bakanike bai yi dariya ba. Ya goge hannu ya ce, "Allah ya ba da sa'a. In kana son sifana ka aiko."

A gida matarsa ta riga ta ji labari, domin a layin nan labari ya fi Giwa gudu. Ta bari ya zauna tukuna.

"Baban yara, an ce ka zama bakanike."

"Dama ni ne, lokaci ne ban samu ba."

"Ka sayar da motar nan mu huta. Bara ka ce za ka gyara min fanka, har yau da mafici nake kwana. Kuma ka san cikin 'Yar Baba ya shiga wata tara. Mijinta ya ce in ta sauka zai ɗauko tasi."

'Yar Baba ita ce 'yarsu ta fari, kuma cikin nan shi ne jikansu na fari. Tela ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

"Tasi? Jikana na fari a tasi? Maman yara, a cikin Giwa na ɗauko 'Yar Baba daga asibiti, kina riƙe da ita a kujerar baya. A cikinta na ɗauko ƙannenta uku. Na faɗa a shago, na faɗa a gidan surukai, na faɗa wa yarinyar ita kanta: a cikin motar nan jikana zai shigo gida."

Wannan kam ba cika baki ba ne. Duk surutunsa, abu ɗaya ne yake faɗa da zuciya ɗaya, shi ne wannan. Yana tuna ranar sarai, yana tuƙi a hankali har masu keke suna wuce shi, yana leƙen madubi kowane minti don ya tabbata jaririyar tana numfashi. Tun ranar da aka gaya masa 'Yar Baba tana da ciki yake jiran ya sake yin wannan tuƙin, kuma tsoron kada ya rasa shi ne ya sa bakinsa ya ƙara tsawo. Matarsa ta san haka, shi ya sa ta ja tsaki ɗan ƙarami ta ƙyale shi.

Da yamma 'Yar Baba ta bugo waya. "Baba, don Allah kada ka wahalar da kanka."

"Ke dai ki haihu lafiya," ya ce. "Sauran nawa ne."

Washegari aka tura motar gefen shago. Tela ya aro sifanu, ya shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a baranda, ya ɗaura tef ɗin awo a wuya, ya zaro alli daga bayan kunne. Bakanike ya tako da kansa don ya ga yadda za a fara.

"Shawara ɗaya zan ba ka," ya ce. "Duk abin da ka kwance, ka san inda ka kwance shi."

"Ni za ka koya wa? Tela ba ya yanka sai ya zana."

Ya nuna masa. Duk ƙarfen da ya cire sai ya rubuta masa lamba da alli, ya rubuta irinta a gurbin da ya fito, kamar yadda yake yi wa hannun riga da kafaɗarta don kada na dama ya tafi hagu. Noti da ramin da ya fito lambarsu ɗaya. Waya da bakinta lambarsu ɗaya. Sannan ya jera su bi da bi a kan zani.

Bakanike ya duƙa ya duba, ya gyaɗa kai. "Gaskiya wannan dabara ce."

Da dattijon ya san abin da kalmomin nan za su jawo, da ya haɗiye su. Kafin azahar duk layin ya ji cewa bakanike da bakinsa ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kafin la'asar labarin ya zama ya roƙi Tela ya ɗauke shi koyo.

Kwana uku yana farke inji kamar mai farke tsohon wando. Baranda ta cika da ƙarafa har masu kawo ɗinki suna tsallake su. Wata mata ta zo karɓar kayan makarantar 'yarta, ya ce mata gobe da safe daga ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai take gani. Wani malamin makaranta ya zo karɓar farar rigarsa, Tela ya fito ya miƙa masa ita, yatsu biyar na baƙin mai suka zauna raɗau a ƙirji.

"Mene ne wannan?" in ji malamin.

"Sabon ado ne. Kai na fara yi wa."

Malamin bai gode ba. Har ya sha kwana ana jin muryarsa.

A rana ta huɗu Tela ya tsaya ya dubi aikinsa. Ƙarafa baƙi ƙirin, maiƙo ko'ina, ga zanen alli caɓa-caɓa a jikin kowane. Ransa ya ƙi. Shekara talatin da biyar bai taɓa sallamar kaya da alli a jiki ba. Ko da mai kayan yana tsaye a kansa yana zagi, sai ya kakkaɓe, ya goge, ya yi guga. Hannunsa ya saba, ba ya ma shawara da kansa. Ya shiga gida ya ɗauko babban bahon wankin Maman yara, ya tuttula kalanzir, ya zuba ƙarafan duka a ciki, ya sa buroshi ya dirje su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma jikin injin ya goge shi tas da tsumma. Sannan ya shanya su a rana, manya da manya, ƙanana da ƙanana, yadda yake ware maɓallai, don kyan gani.

Gaskiya sun yi kyau. Suna ta ƙyalli har masu wucewa suna kare ido. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

"Mai aski, fito ka ga aiki! Ka taɓa ganin garejin da ake wanke inji haka?"

Mai aski ya fito, ya zaga zanin sau ɗaya, ya ɗauki wani ƙarfe ya juya shi gaba da baya.

"Sun yi fes," ya ce. "Ina lambobin?"

Tela ya dubi ƙarfen. Ya dubi bahon, inda wani farin abu yake yawo a saman kalanzir. Ya ɗauki wani ƙarfen, ya juya, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Lambobin," ya ce, "suna kaina."

"To, Allah ya sa kai ba a wanke shi ba."

Maman yara ta leƙo ta ga bahonta. Ta ɗauki mayafi ta nufi ƙarshen layi, wajen gareji, shi kuwa ya ɗauka kasuwa za ta.

Daga nan aiki ya koma hannun tef. Tela ya kafa doka cewa duk abin da ya shiga rami, wurinsa ke nan. Yakan auna faɗin rami, ya auna noti, in sun yi kusa ya ɗaura. In ya ƙi shiga ya lallashe shi da guduma. Wayoyi kuwa da launi ya haɗa su, ja da ja, baƙi da baƙi, sauran ya duba wanda ya fi dacewa da ɗan'uwansa a ido.

Da aka zo kan gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji, aka ce sai an yi odarsa, kwana goma kafin ya iso. Tela ya yi dariya. Ya ɗora ƙonannen a kan yadin jins ninki huɗu, ya zana, ya yanka, ya huda ramukan da almakashi, ya hau keke ya bi gefen da kalmasa mai layi biyu.

"Wannan sai ya binne motar," ya ce wa mai aski. "Dubi kalmasa. Na kamfani ma ba su yi masa ba."

Saura rami ɗaya a can ƙarƙashin inji, inda ake zubar da tsohon mai. Ya gwada noti bakwai, babu wanda ya zauna, ga rana tana dukan ƙafafunsa. Sai ya laluba aljihu ya ji katakon zaren da ya ƙare. Ya naɗe shi da ƙyalle, ya cusa, ya buga masa guduma sau biyu. Ya zuba sabon mai, ya leƙa, ko ɗigo babu.

Da ya rufe komai, sai ga ƙarafa sun rage a kan zani, notuna, 'yan zobba, wani ƙarfe mai lanƙwasa da wasu sifirin guda biyu. Ya kwashe su ya zuba a gwangwanin maɓallai, gwangwanin ya cika har murfin ya ƙi rufuwa.

"Waɗannan fa?" in ji mai aski.

"Ka taɓa ganin an ɗinka riga ba a bar ƙyalle ba? Kamfani ne ya cika mata kaya don a ce sun yi aiki. Ni na rage mata nauyi."

Kwana bakwai sun zama sha biyu. Duk wanda ya tambayi yaushe za ta tashi, ya san amsar tun kafin a ba shi. Gaskiyar magana Tela tsoron murɗa makullin yake yi. Muddin bai gwada ba, motar a gyare take.

A rana ta sha uku 'Yar Baba ta sauka lafiya, namiji. Maman yara tana can tare da ita. Washegari da safe ta bugo waya ta ce za a sallame su da azahar.

"Mijinta ya ce tasi tana nan a bakin asibiti," ta ce.

"Ki ce masa ya sallami tasi. Ga ni nan."

Ya yi wanka, ya sa kayan da ya yi wa guga da kansa, ya shimfiɗa sabon tawul a kujerar baya. Layi ya fito kallo, har da malamin nan mai adon yatsu biyar, wanda ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Mai aski ya rufe shago ya shige gaba ya zauna. Maza shida suka kama turi. Giwa ta gangara, Tela ya saki kuloci, ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru, sai kuma ta yi wani gurnani, shuɗin hayaƙi ya rufe masu turin.

Ta tashi. Wallahi ta tashi. Babu wanda ya kai Tela mamaki, amma cikin ƙiftawar ido ya gyara fuska, ya fito da kai ta taga.

"A gaya wa bakanike akwai gurbin koyo a shagona!"

Suka hau titi. Injin yana wata irin ƙara, tak-tak-tak, Tela ya ce ai haka keke mai lafiya yake yi. Daidai kasuwa suka hau tudun rage gudu, wani abu ya ce fat a ƙarƙashinsu.

"Me ya faɗi?" in ji mai aski.

"Nauyi take ƙara ragewa."

"Ga wata jar fitila ta kama a gabanka."

"Ado ce. Tun da na sayi motar take yi."

Suka ƙara gaba. Mai aski ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska. "Ba ka jin ƙaurin tsumma?"

"Wani ne ya manta dutsen guga a kan kaya. Mutanen yanzu ba su iya aiki ba."

Lokacin ziyara ne, ƙofar asibiti cike take da jama'a, masu kwanduna, masu filas, masu jiran a buɗe musu. Tela ya hango Maman yara a kan matakala, ga 'Yar Baba da jariri a naɗe a hannu, ga mijinta da jaka. Ya danna oda sau uku don kowa ya juyo, kowa kuwa ya juyo. Ya karya kan mota zai shiga, sai injin ya yi wata ƙara kamar an yar da akwatin sifanu daga saman bene. Giwa ta yi tsalle ɗaya ta ƙame a tsakiyar ƙofa, ba gaba ba baya.

Hayaƙi ya taso, wannan karon baƙi. Mai aski ya yi waje da gudu. Tela ya zura hannu ta taga zai buɗe ƙofa, mariƙin ya biyo hannunsa. Sai ta gefen mai aski ya rarrafo ya fito, hularsa a karkace. Maigadi ya ɗaga bonet, ga gefen jins yana ci da wuta a hankali, kalmasar mai layi biyu tana nan daram. Ya sheƙa mata bokitin ruwa, rabin ya sauka a kan kayan da aka yi wa guga.

"Baba, wando ka sa wa injin?" in ji maigadi.

Jama'a suka kwashe da dariya. Motoci suka yi layi a baya suna ta oda. Tela ya buɗe baki zai yi bayanin cewa man yanzu ne ba shi da kyau, sai ga motar bakanike ta tsaya a gefe. Dattijon ya fito, katakon zare a hannu ɗaya, gwangwanin maɓallai a ɗayan.

"Maman yara ce ta ce duk ranar da ka fito na biyo bayanka," ya ce. "Ban sha wahalar nemanka ba, ɗinkinka na bi. Baƙin layi tun daga kasuwa har nan, ko karkacewa bai yi ba."

Kowa ya waiga. Ga layin mai nan a kan kwalta, siriri, miƙaƙƙe, ya zo ya ƙare a ƙarƙashin Giwa. Bakanike ya girgiza gwangwanin, ya tona, ya zaro wani gajeren noti mai kauri ya ɗaga.

"Wannan ƙyallen naka shi ke riƙe man."

"Yanzu in an mayar da shi fa?" in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa.

"Da, injin ya buga ne. Yanzu ya narke ya zama ƙarfe ɗaya. Ko kamfanin da ya ƙera shi ba zai raba shi ba."

Tun da aka san Gobe-da-Safe a layin nan, ba a taɓa ganin bakinsa a rufe a gaban taro ba sai ranar. Ya tsaya ruwa yana ɗiga daga rigarsa, mariƙin ƙofa a hannu. Dariyar mutane ba ta dame shi ba, ya saba da ita. Abin da ya soke shi shi ne farin tawul ɗin da yake hangowa a kujerar baya. Ya tako wajen matakala, ya leƙa fuskar jaririn, ya kasa taɓa shi saboda hannunsa duk baƙin mai ne.

"Baba, tasi ɗin bai tafi ba," in ji surukin a hankali.

"Ku hau," in ji Tela. "Ku hau kawai. Rana tana dukan yaron."

'Yar Baba ba ta motsa ba. Ta dubi mahaifinta, ta dubi motar, sannan ta juya ga bakanike.

"Kawu, kana da igiya?"

"Ina da ita." Ya juya ga Tela. "Birki da sitiyari, ka taɓa su?"

"Ban kai kansu ba."

"To, mun gode Allah, suna aiki."

'Yar Baba ta sauko a hankali, mahaifiyarta tana riƙe da ita, ta buɗe ƙofar baya ta zauna a kan tawul. "Baba, tun ina ƙarama kake ba ni labarin ranar da ka ɗauko ni. Na gaji da ji, yau gani nake so na yi. Shiga ka ja mu."

Aka tura motar baya, aka ɗaura igiya. Bakanike yana gaba yana ja kamar mai tafiya da ƙafa, mai aski yana gefensa yana ɗaga wa motoci hannu su wuce. Surukin yana kujerar gaban Giwa da jaka a cinya. Tela ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Wani mai keke ya wuce su, wani ma ya wuce. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga matarsa da furfura a gefen ɗankwali, ya ga 'yarsa ta sunkuya a kan jariri daidai inda uwarta ta taɓa sunkuyawa a kanta. Farin ciki ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Baban yara, kuka kake yi?"

"Hayaƙi ne."

"Injin a mace yake."

"Na ɗazu ne bai gama fita ba."

Da suka shigo layi kowa yana waje. Giwa ta tsaya a ƙofar gida ba tari ba atishawa. Surukin ya zagayo ya buɗe wa matarsa ƙofa, Tela kuwa ya sake rarrafowa ta ɗaya gefen, ya miƙe, ya gyara hula, ya dubi jama'a. Bakin ya dawo.

"Kun ga gyara? Shekara ashirin da takwas tana tada yara daga barci. Yau tun daga asibiti har gida jikana ko motsi bai yi ba."

"Ai kuwa ba ta taɓa shan fetur kaɗan irin na yau ba," in ji mai aski.

Tela ya bari aka shiga da jariri. Sannan ya zare makullin, ya ɗan riƙe shi, ya sa a tafin bakanike.

"Ka kira masu ƙarafan. Ta gama aikinta. Amma kujerar baya tawa ce, da kaina zan kwance ta."

"A'a," in ji bakanike da mai aski baki ɗaya. Bakanike ya ɗauko sifana ya kwance masa.

Bayan wata biyu aka samo wata ƙaramar mota mai lafiya. Bakanike ya sa wa bonet ɗinta kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanin Maman yara. Kujerar Giwa kuwa tana cikin shago, kusa da keke, da sabuwar riga. A kanta ake kwantar da jikan duk ranar da uwarsa ta kawo shi, a kanta masu jiran ɗinki suke zama su ji cewa sai gobe da safe. In baƙo ya tambayi ina sauran motar, Tela yakan dafa kujerar ya gyara murya.

"Wannan? Da hannuna na yi mata gyaran ƙarshe. Ka tambayi kowa a layin nan, tun daga ranar ba ta sake mutuwa a hanya ba."